Linda Ronstadt da Waƙoƙin Aro: Tarihin Faifan 1976

A watan Disamba na 1976, lokacin da Amurkawa suka cika shaguna suna sayayyar Kirsimeti, kamfanin Asylum ya fito da faifai mai suna Greatest Hits, wanda ya tattaro waƙoƙin Linda Ronstadt da suka fi tashe a shekara tara da suka gabata. Waƙa 12 ce a kansa, shida a kowane gefe. Linda tana da shekara 30 a lokacin. Faifan ya tsaya a mataki na 6 a jadawalin mujallar Billboard, bai taɓa hawa ƙololuwa ba, amma sai ya ƙi barin kasuwa. Shekara na bin shekara ana saye, har ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta tabbatar da kwafi miliyan 7 a ƙasar kaɗai. Duk cikin faya-fayanta babu wanda ya kai shi ciniki.

Wanda ya duba takardar da ke manne a cibiyar faifan, inda ake sa sunan marubuci a ƙarƙashin kowace waƙa, zai ga Neil Young, zai ga Paul Anka, Phil Everly, Smokey Robinson, Michael Nesmith da wasu. Sunan Linda ba ya cikinsu. Ko ɗaya ba ita ta rubuta ba, kuma mafi yawansu wani ya riga ta rerawa, wasu tun tana 'yar firamare. A zamanin nan wannan abin gori ne. Tun da Bob Dylan da Beatles suka fito, masu sharhin kiɗa suka kafa ƙa'idar cewa mawaƙi na gaske shi ne mai tsara baitocinsa da kansa. Carole King da Joni Mitchell sun ƙara ƙarfafa ra'ayin da faya-fayansu na 1971. Mai rera waƙar wani kuwa, komai daɗin muryarsa, kallon ɗan aro ake yi masa. Ni dai ina ganin an tauye wa Linda haƙƙinta da wannan ma'auni. Masaƙi daban, maɗinki daban, kuma ba a taɓa jin an ce riga ba ta tela ba ce don ba shi ya saƙa yadin ba. Abin dubawa shi ne wane yadi ya zaɓa, kuma yaya ya yanka shi.

Zaɓin Linda ya samo asali ne daga gida. An haife ta ranar 15 ga Yulin 1946 a Tucson, jihar Arizona, garin da ke cikin hamada, kimanin kilomita 100 daga iyakar Meziko. Yankin ma na Meziko ne kafin Amurka ta saye shi a yarjejeniyar Gadsden ta 1853. Kakan mahaifinta injiniya ne Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa jihar Sonora ta Meziko ya yi aure a can. Kakanta, Federico Ronstadt, ya tsallako Tucson a 1882, ya zama maƙerin kekunan doki, ya kuma kafa ƙungiyar makaɗa a garin. Mahaifinta Gilbert yana da shagon kayan ƙarfe da na noma, idan an taru da yamma shi ke rera waƙoƙin Meziko da harshen Sifaniyanci. Mahaifiyarta, 'yar jihar Michigan, tana son waƙoƙin dandamali na Ingila irin na Gilbert da Sullivan. Yayarta na kunna Hank Williams. Da dare kuma rediyo kan kamo tashoshin nesa, daga tsallaken iyaka da sauran sassan Amurka, masu sa kiɗan baƙaƙen fata da na coci da na karkara. Linda ta sha faɗa cewa ba ta cika taɓa salon da ba ta ji shi a gidansu tun tana ƙarama ba. Abin da kasuwa ta raba gida-gida, ita a ɗaki ɗaya ta ji shi.

Kasuwar kuwa ta raba shi da gaske. A lokacin Billboard na da jadawali uku manya. Akwai na pop, wato na kowa da kowa, inda kuɗin yake. Akwai na kantiri, kiɗan fararen fatar karkara na kudu, mai hedikwata a Nashville, irin wanda masu sauraron rediyo a ƙasar Hausa suka sani ta bakin Don Williams da Dolly Parton. Sai na baƙaƙen fata, wanda har zuwa 1949 sunansa jadawalin faya-fayan launin fata ne ƙarara, kafin a sauya masa suna. Kowane da gidajen rediyonsa, da shagunansa, da masu saye. Matashin da ke jin rok a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1960 yana kallon kantiri a matsayin kiɗan 'yan mazan jiya masu goyon bayan yaƙin Biyetnam, su kuma mutanen Nashville ba su son ganin masu dogon gashi.

A ƙarshen 1964 Linda ta bar jami'ar Arizona bayan zango ɗaya, ta nufi Los Anjalas tana da shekara 18. Ita da Bobby Kimmel da Kenny Edwards suka kafa ƙungiyar Stone Poneys, kamfanin Capitol ya ɗauke su. A 1967 ta kawo "Different Drum", waƙar Michael Nesmith na ƙungiyar Monkees, wadda ta ji a bakin Greenbriar Boys suna yin ta a hankali da jita. Haka ta yi niyyar yin ta. Da ta shiga ɗakin ɗaukar waƙa sai ta tarar an jera mata makaɗan haya da ba ta taɓa gani ba, ga masu gogen Turawa, ga wani tsohon kayan kiɗa mai kama da fiyano, an ƙara wa waƙar sauri, abokan tafiyarta biyu kuma ba a ba su abin kaɗawa ba. Ta rera a rikice aka ce ya yi. A littafin tarihin rayuwarta na 2013 ta ba da labarin ranar da motarsu ta mutu a hanya, suna tsaye a garejin makanike ana gaya musu injin ya gama yawo, sai ga muryarta na fitowa daga rediyon da ke can cikin garejin. Waƙar ta kai mataki na 13 a farkon 1968. Waƙa ce da namiji ya rubuta yana gaya wa budurwa ba a shirye yake a ɗaure shi ba. Da ta fito daga bakin mace 'yar shekara 21, sai ma'anarta ta juye, mata da yawa suka riƙe ta tamkar tasu. Wannan shi ne karo na farko da aka ga abin da Linda ke iya yi wa waƙar wani ba tare da ta ƙara mata baiti ba.

Shekaru shida da suka biyo baya na faɗi-tashi ne. Ƙungiyar ta watse, bashin kamfani ya hau kanta, ta yi ta yawo tana buɗe wa wasu fili. Haske ɗaya da ta samu shi ne "Long Long Time" ta Gary White, wadda ta ɗauka a Nashville a 1970. Ta kai mataki na 25, ta kuma sa aka ambaci sunanta a karon farko cikin masu takarar lambar yabo ta Grammy. Har gobe ina ganin ita ce zuciyar faifan Greatest Hits. Ta fara ta ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kanta, goge da jitar kwance, wadda ake goga wa ƙarfe a kan tsirkiya, suna yi mata kuka a baya, sai a tsakiyar baiti ta saki muryar gaba ɗaya, ta sake janye ta kafin numfashi ya ƙare. Babu wani ado. Ƙarfin murya ne da sanin inda za a riƙe shi.

A wannan tsakanin ne, a 1971, manajanta John Boylan ya haɗa mata makaɗa daga cikin samarin da ke zaman kashe wando a Troubadour, wani gidan rawa da ke Hollywood ta Yamma. Don Henley ya riƙe ganga, Glenn Frey ya riƙe jita, daga baya Randy Meisner da Bernie Leadon suka shigo. Suna kan tafiya da ita suka shirya kafa tasu ƙungiya, ta sa musu albarka, suka zama Eagles. A 1973 suka fito da "Desperado", ba su ma sake ta ita kaɗai don rediyo ba. Watanni kaɗan bayan haka Linda ta sa ta a faifanta na farko a Asylum, Don't Cry Now, kuma Henley da kansa ya sha cewa ita ta sa duniya ta lura da waƙar. A faifan nan ne ta yi "Love Has No Pride", wadda Bonnie Raitt ta riga ta yi a 1972, ta kuma maimaita "Silver Threads and Golden Needles", tsohuwar waƙar kantiri da Wanda Jackson ta fara ɗauka a 1956.

Mutumin da ya daidaita mata tafiya Baturen Ingila ne, Peter Asher. Shi ma ya taɓa waƙa: shi da Gordon Waller sun hau mataki na 1 a Ingila da Amurka a 1964 da waƙar da Paul McCartney ya ba su. Daga nan ya yi aiki a kamfanin Apple na Beatles, ya gano James Taylor. Kafin Asher, masu shirya wa Linda faifai sukan ɗauki ra'ayinta a matsayin shirmen yarinya kyakkyawa mai murya. Ita ba ta karanta rubutun kiɗa, sai dai ta kwatanta abin da ke kanta da baki. Asher ya saurara, ya mayar da kwatancen umarni ga makaɗa. Sauran faifai ɗaya Capitol ke bin ta, shi ne suka biya da Heart Like a Wheel a watan Nuwamban 1974.

Daga cikinsa aka zaro "You're No Good". Clint Ballard Jr. ne ya rubuta ta, Dee Dee Warwick ta fara rera ta a 1963, Betty Everett ta yi tashe da ita a shekarar, sannan wasu samarin Liverpool suka ɗauke ta a 1964. Linda ta daɗe tana rufe wasanninta da ita. A ɗakin ɗauka aka rushe ta aka sake gini. Andrew Gold, wani matashin makaɗi, shi ya kaɗa ganga, ya kaɗa fiyanon lantarki, ya kuma jera jita a kan jita, ana ɗaukar kowace a layinta na tef, har tsakiyar waƙar ya zama kamar mutum uku ke amsa wa juna. Da Linda ta gama baitin ƙarshe ba a rufe ba, aka bar ganga da tafi da goge mai jan sauti ɗaya suna tafiya har suka dusashe. Ranar 15 ga Fabrairun 1975 waƙar ta hau mataki na 1, babban faifan ma ya hau a makon. Abin sha'awa ya fi yawa a bayan ƙaramin faifan da aka fitar da waƙar a kansa. A can aka sa "I Can't Help It", waƙar Hank Williams ta 1951, Emmylou Harris na yi mata amshi. Gidajen rediyon pop suka riƙa sa gaba, na kantiri suka juya suna sa baya, har ta kai mataki na 2 a jadawalinsu, ta kuma kawo wa Linda Grammy ɗinta na farko. Faifai ɗaya, waƙar baƙar fata a fuska ɗaya, ta ɗan karkarar Alabama a ɗaya fuskar, murya guda. Sai "When Will I Be Loved" ta 'yan'uwa Everly, ta 1960, ta biyo baya: na 2 a pop, na 1 a kantiri.

Da aka gano hanyar sai aka yi ta bi. A 1975 "Heat Wave" ta Martha Reeves da Vandellas ta kai na 5 a pop, abokiyar tafiyarta "Love Is a Rose" ta Neil Young ta kai na 5 a kantiri. Wannan ta biyun da banjo aka kaɗa ta, kayan kiɗan da ake ɗauka na fararen karkara ne alhali bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙirƙiro shi, dangin molo da gurmi. "Tracks of My Tears" ta Smokey Robinson ta biyo, sai "That'll Be the Day" ta Buddy Holly a 1976.

Ba duka ne suka yi daidai ba, kuma son da nake yi wa Greatest Hits ba zai hana ni faɗa ba. Waƙoƙin kamfanin Motown biyu, ta Martha Reeves da ta Smokey Robinson, su ne rauninsa. Martha Reeves ta yi "Heat Wave" a Detroit a 1963 tana wasa da bugun ganga, tana jinkiri tana cim masa, 'yan amshinta na ingiza ta. Linda ta tunkare ta gaba-gaɗi da ƙarfi, zafin ya fito amma lanƙwasar ta ɓace. Smokey Robinson kuma da siririyar murya mai rawa ya yi kukansa, irin ta mai ɓoye hawaye a cikin taro, abin da baitocin ke nufi kenan. Muryar Linda ta fi ƙarfin ɓuya. Ita kanta ba ta yaudari kanta ba: ta sha cewa mai waƙar sanyi ce, masu saurin an sa su ne don a tayar da 'yan kallo a manyan filaye, har ma ta ce ba ta gamsu da yadda ta rera "You're No Good" ba. Inda ta fi kowa shi ne wurin waƙar rabuwa. "It Doesn't Matter Anymore", wadda Paul Anka ya rubuta wa Buddy Holly, ta fito a farkon 1959 da saurinta da raharta, makonni kaɗan kafin Holly ya mutu a haɗarin jirgin sama. Linda ta rage mata gudu, ta bar ta da jita da kukan ƙarfe, sai baƙin cikin da ke kwance a cikin kalmomin tun asali ya taso.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a cika yi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ta ba kowa damar sake ɗaukar waƙar da aka riga aka fitar, ko mai ita ya so ko bai so ba, muddin za a biya santi 2 a kan kowane kwafi. Farashin bai motsa ba sai a 1978, da ya koma santi 2.75. A kan kwafi miliyan ɗaya, dala 20,000 kenan ga waƙa guda, marubuci da kamfanin da ke riƙe masa haƙƙi su raba, ban da abin da rediyo ke biya. Don haka marubuta sun ci moriyar Linda sosai, kuma ƙanana irin su Karla Bonoff, Warren Zevon da J.D. Souther ta bakinta jama'a da yawa suka fara sanin aikinsu. Amma wadda ta riga ta rera waƙar ba ta da kaso ko na sisin kwabo. Betty Everett ba ta kai ko kusa da mataki na 1 da "You're No Good" ba, kuma ranar da waƙar ta hau can a bakin wata, doka ba ta tanadar mata komai ba. Ba Linda ta kafa tsarin ba, ba ta kuma taɓa ɓoye sunayen waɗanda ta koya daga gare su ba. Duk da haka gaskiya ce cewa ƙofar gidajen rediyon da ta buɗe wa farar mace daga Arizona ba ta buɗe haka wa baƙar mace daga Mississippi ba. Inda laifin ya zama nata shi ne 1983, da ta je ta yi wasa a Sun City, cikin yankin Bophuthatswana na Afirka ta Kudu, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga mawaƙa su ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata. Ta kare kanta da cewa tana adawa da wariya kuma bai kamata a sa wa waƙa shinge ba. Ban karɓi wannan uzuri ba.

Greatest Hits ya fito ne a tsakiyar tashenta, ba a ƙarshe ba. Capitol, wanda biyar daga cikin waƙoƙin nasa ne, ya ga ana wawaso shi ma ya fito da nasa tarin a 1977. A watan Fabrairun shekarar mujallar Time ta sa ta a bango. Daga baya faifanta Simple Dreams ya sauko da faifan Rumours na Fleetwood Mac daga mataki na 1, ya zauna a wurin mako biyar, "Blue Bayou" ta Roy Orbison da "It's So Easy" ta Buddy Holly suka shiga sahun biyar na farko a lokaci guda. Ta zama mace ta farko a rok da ke cika filayen wasanni da sunanta ita kaɗai. Kashi na biyu na tarin ya fito a 1980.

A daidai nan ta juya wa abin baya. Ta gaji da filayen da aka gina don ƙwallo, inda sauti ke dukan siminti ya dawo. Ta koma bin muryoyin gidansu ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan kowane karo kamfaninta na gargaɗin ta cewa za ta kashe kasuwarta. A 1980 ta hau dandamali a Niyok cikin The Pirates of Penzance na Gilbert da Sullivan, abin son mahaifiyarta. A 1983 ta haɗu da Nelson Riddle, wanda ya shirya wa Frank Sinatra kiɗa, suka yi What's New, ya sayar da kwafi miliyan 3. A 1987 ta yi Trio da Dolly Parton da Emmylou Harris, ta kuma fito da Canciones de Mi Padre, waƙoƙin Meziko na mahaifinta, tare da makaɗan Mariachi Vargas. Ya wuce kwafi miliyan 2, ya zama faifan da ba na Turanci ba da ya fi ciniki a tarihin Amurka a lokacin. Duk waɗannan ma na aro ne.

Wajen shekarar 2000 ta fara jin murya na ƙin bin umarninta. Ta yi wasanta na ƙarshe a San Antonio a watan Nuwamban 2009. A 2013 ta sanar cewa likitoci sun ce cutar Parkinson ce, daga baya aka gano wata cutar ƙwaƙwalwa ce mai kama da ita, kuma ba ta iya rera ko baiti ɗaya. Ranar 10 ga Afrilun 2014 aka shigar da ita zauren girmamawa na mawaƙan rok a wani biki a Brooklyn. Rashin lafiya ya hana ta zuwa. Glenn Frey, tsohon mai kaɗa mata jita, shi ya yi jawabin gabatar da ita. Sannan Carrie Underwood, Emmylou Harris, Bonnie Raitt, Sheryl Crow da Stevie Nicks suka hau suka rera waƙa biyar da sunanta, suka fara da "Different Drum", suka bi ta kan "Blue Bayou", "You're No Good" da "It's So Easy", suka rufe da "When Will I Be Loved" su biyar tare.